Tambayoyinku: "Anti, gabana ke faduwa ba gaira ba dalili"

Jama'a barkanmu da sake haduwa. Sakonnin da suka taru min wannan karon kusan rabinsu magana daya suke, faduwar gaba da tunanin da baya karewa, shi yasa na ajiye sauran na zabo hudu daga ciki. Na cire sunaye kamar yadda muka saba. Wadanda basu ga nasu ba kuyi hakuri, ku duba da kyau ta yiwu amsarku na cikin ta wani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da kokari. Dan Allah ki taimaka min, ni mace ce shekarata 26, wata hudu kenan wani abu ke samuna, ina zaune kalau ba abinda akai min sai kawai inji gabana ya yanke ya fadi, zuciyata ta hau bugawa kamar zata faso kirji, numfashina ya dinga sarkewa, yatsuna suyi sanyi kamar ana tsira min allura, wlh a lokacin gani nake mutuwa zanyi. Baya wuce minti goma sha sai ya sake ni amma ranar bana kara moruwa. Farkon da ya fara min a mota ne ina hanyar zuwa aiki. Naje asibiti sau uku, anyi gwajin jini anyi na zuciya duk ance lafiyata lau, likita yace damuwa ce, ni kuma bani da wata damuwa ina zaune lafiya da kowa. Yanzu na daina shiga mota in ba da wani ba, ko ina zani da robar ruwa a hannuna kuma bini-bini hannuna na kan wuyana ina jin bugun jijiya. Anya ba ciwon zuciya bane basu gano ba? Ko haukacewa zanyi?

AMSA: Wa'alaikumussalam kanwata, sannu kinji, Allah ya baki lafiya. Bari in fara da abinda yafi tsaya miki a rai, wannan abin da kika zayyano ba hauka bane kuma baya kai mutum ga hauka. Zuciya kuwa ni daga nan ba zan iya auna ki ba, amma sau uku ana dubawa ana cewa lafiya, kuma yadda abin ke zuwa miki, ya taso farat daya ya kai makura cikin 'yan mintuna ya kuma lafa da kansa, sak yake da abinda likitocin kwakwalwa ke kira farmakin firgici.

Inda kuka sha bamban da likitanki a kalmar damuwa ne. Ke kin dauka yana nufin wani ya bata miki ko kina da matsala a gida, shi kuma ciwon fargaba yake nufi, wanda yakan kama mutum ko da komai nasa na tafiya daidai. Da ya dan zauna ya warware miki da kin huta da rabin wahalar.

A can cikin kwakwalwa akwai wani dan bangare da ake kira amigdala, guda biyu ne daya dama daya hagu, kowanne bai fi kan dan yatsa ba, aikinsa gadi. Da ya hango hatsari baya tsayawa shawara da bangaren da ke tunani, nan take zai aika sako wasu 'yan sassan jiki da ke zaune a saman koda su sako sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta kara gudu don ta tura jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya karu, jini ya janye daga fata da ciki, shi yasa yatsu ke sanyi ciki ya juya, zufa ta karyo. Duk shiri ne na ko a gwabza ko a ranta a na kare. Wani masanin aikin jiki na jami'ar Harvard a Amurka mai suna Walter Cannon ne yayi bayanin wannan tun wajen 1915. Ranar da mota ta taho miki a guje wannan maigadin ne ke fizge ki gefe tun baki gama gane me ke faruwa ba. To naki maigadin ya koma busa usur alhali ba barawo a gidan, iya matsalar kenan.

Tsirar allurar nan da jiri kuma daga numfashi ne. In mutum na haki da sauri yana fitar da iskar kabon fiye da kima, in ta ragu a jini sai jijiyoyin da ke kai jini kwakwalwa su dan tsuke, kai yayi fayau, yatsu da gefen baki su hau tsikari. Abin haushin ke ji kike iska bata isarki, alhali numfashin ne ma yayi yawa.

Me yasa yake ta dawowa? Wani masanin halayyar dan Adam a Ingila, David Clark, ya fito da bayaninsa a 1986. Zuciya zata dan buga, kila bene kika hau ko baki samu bacci ba, sai ranki yace shikenan gashi nan ya dawo yau sai gawata, to wannan tunanin shi kansa barawo ne a wajen maigadi sai ya kara sako adiranalin, zuciya ta kara bugawa, ke kuma kice kun gani ko, haka abin zaiyi ta zagaye yana hawa har jiki ya gaji ya sauke.

Yanzu ga inda nake so ki bani kunnenki da kyau. Wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu, ke mota ce tsummanki. Duk ranar da kika fasa shiga mota zakiji wani sanyi a ranki, kuma wannan sanyin shine tarkon, don kwakwalwa ta rubuta ta ajiye cewa da mun shiga da mun mutu, gudun ne ya cece mu. Gobe tsoron ya kara kauri. Yau mota, jibi wajen taro, gata kofar gida, akwai wadanda a haka suka kwashe shekaru basa fita. Robar ruwan da taba jijiyar wuya duk jirgi daya ya kwaso su da gudun motar, in abin ya lafa sai kice ruwan ne ya taimaka, bazaki taba gane cewa da ma zai lafa da kansa ba.

In ya taso, ki zauna inda kike kada ki zabura ki bar wurin. Ki ja numfashi ta hanci a hankali kina kirga hudu, ki sake shi a hankali kina kirga shida, ciki ne zai dinga tashi ba kirji ba. Fitar da numfashi a tsawace na rage gudun zuciya. Amma kada ki mayar dashi kokawa, ki ce a ranki na sanka, zaka hau ka sauka. Sannan ki koma mota mataki mataki, farko ki zauna a wadda take tsaye minti goma, in kin saba kiyi 'yar gajeriyar tafiya da wani, sai ke kadai, sai ki kara nisa, kowane mataki ki maimaita shi har ya gundure ki kafin ki hau na gaba. Zakiji tsoro, da ma ana so kiji shi ne ki zauna har ya sauka. In kin samu kwararre mai yin maganin tattaunawa da ake kira CBT yafi, su har da gangan suke sa mutum gudu a tsaye ko juyi a kujera don zuciya ta buga kai ya juya, jiki ya koyi cewa bugun ba kisa yake ba.

Ki koma ki tambayi likita ko cikin gwajin da akai akwai na makoshi wato tayirod da na karancin jini, don duka biyun suna kawo bugun zuciya mai kama da wannan. Ranar kuma da kikaji ciwon kirji mai danna da ke zuwa in kin motsa jiki, ko yana tafiya hannu ko mukamuki, ko kika suma, wannan ba na kirga numfashi bane, asibiti kai tsaye.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni magidanci ne shekara 44. Nawa kullum ne, tun in farka har in kwanta sake-sake nake, in za'a rage ma'aikata fa, in yaron nan bai ci jarabawa ba fa, in waya tayi kara da dare sai ince mutuwa akayi, in yara suka dan makara a hanya na riga na gama ganin hatsari. In na warware daya sai wani ya maye gurbinsa. Wuyana da kafaduna kullum a daure, bacci sai karfe biyu ko uku, na zama mafadaci abu kadan in hau iyali da fada daga baya inji kunya. Yafi shekara biyu. Mahaifiyata ma haka take Allah ya jikanta. Gado ne? In gado ne ai ba magani kenan.

AMSA: Malam sannu da dawainiya, Allah ya jikan Mama. Naka shi likitoci ke kira gamammiyar fargaba, kuma ma'aunin da suke bi shine mutum ya kai wata shida yawancin kwanaki yana cikin zullumi akan abubuwa iri-iri ya kasa tsayar dashi, tare da irin su daurewar tsoka, gajiya, saurin fushi, rashin natsuwa da lalacewar bacci. Kaga kusan duk ka lissafo su da bakinka. Ba kai kadai bane kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kusan mutum hudu cikin dari, kuma wajen daya cikin hudu ne kawai ke samun magani. Mata sun fi yawa a lissafin, ni dai ina zargin maza da yawa suna nan suna kiran nasu da sunan fada ko ciwon kai.

Gado akwai shi amma ba kamar yadda kake tsoro ba. Binciken da akai akan tagwaye ya nuna rabon gado wajen kashi 30 ne cikin dari, sauran daga rayuwa ne. Abinda ake gada jiki ne mai saurin zabura, ba ciwon kansa ba. Sannan yaron da ya tashi yana ganin uwa na safa da marwa duk sanda wani ya makara, ya koyi cewa makara masifa ce tun bai san kansa ba, wannan koyo ne, abinda aka koya kuma ana iya sauke shi. A kan wannan sai rayuwa ta dora nata, rashi, bashi, aikin da ba tabbas, ciwo mai dadewa, tashin hankalin da mutum ya gani da idonsa. In matsi ya dade jiki yayi ta sakin sinadarin kotizol, bacci ya lalace, rashin baccin kuma ya kara wa amigdala zafi, washegari kwakwalwa ta fi jiya zabura.

Amma abinda ke rike da irin naka a tsaye shine kin yarda da rashin tabbas. Can kasan ranka kana ganin tunanin nan aiki kake, kamar in ka daina sai abin ya fado maka ba shiri. Yara su dawo lafiya, maimakon kace ashe a banza na wahala, sai wani bangare naka yaji kamar zullumin ne ya tsare su. A jami'ar Penn State ta Amurka an taba sa mutum 29 masu irin ciwonka su dinga rubuta duk abinda suke tsoro zai faru, aka bi sawu tsawon wata guda, sama da kashi 91 cikin dari na abubuwan basu faru ba. Mutanen basu da yawa, kada a dauke shi kamar yankan wuka, amma ka gwada da kanka mana, littafi da biro ne kawai. Ka rubuta tsoron da kwanan wata, bayan sati biyu ka dawo ka duba nawa ne suka tabbata.

Littafin nan zai maka wani aikin. Ka ware minti 20 kullum, lokaci daya wuri daya, da yamma ba dab da kwanciya ba kuma ba a kan gado ba, shine lokacin tunaninka. In sake-sake ya taso da hantsi ka rubuta shi a layi daya kace sai anjima. In lokacin yayi ka zauna ka raba su gida biyu, wanda akwai abinda zaka iya yi akai da wanda babu. Maganar rage ma'aikata misali akwai abin yi, ka gyara takardunka, ka duba abinda zaka iya ajiyewa, ka sa rana. Ba zan ce maka matsalar aiki karya ce ba, gaske ce, amma tunanin karfe biyun dare bai taba biyan bashin kowa ba. Na wayar dare kuwa babu abin yi sai barinsa a takarda. Da farko zakaji abin kamar wasan yara, ka bashi sati uku.

Sauran a gurguje. Kofi da shayi mai karfi da lemukan kara kuzari suna da kafeyin, bayan awa biyar rabinsa na nan a jini, ka tsayar dasu daga tsakar rana. Tafiya da sauri minti 30 sau biyar a sati, shine minti 150 na motsa jiki da likitoci ke cewa ayi a sati, tana rage fargaba sosai. Wuyan nan da kafadu, in ka kwanta ka daure tsokar da gangan dakika biyar ka saki, ka bi jiki gaba-gaba daga kafa har fuska. Labaran waya a bar su da dare. Kuma ka zauna da uwargida ka fada mata abinda ke faruwa, ta dade tana shan fadan da bata san tushensa ba. Shekara biyu ta isa aje a ga likitan kwakwalwa Malam, zuwa wajensa baya nufin an tabu.

TAMBAYA: Anti wata kawata ta bani wata 'yar kwaya tace tana sa natsuwa, Valium ne a jikin takardar, gaskiya tana min aiki in nasha sai inji wasai inyi bacci, yanzu wata biyu kenan amma daya ta daina isata sai biyu, ranar da ban sha ba kuma jikina har karkarwa yake. In cigaba ko in watsar?

AMSA: 'Yata kada ki cigaba a haka, kuma kada ki watsar farat daya. Valium wato diyazefam yana kwantar da fargaba cikin mintuna shi yasa yake da dadin sha'ani, amma ka'ida ba'a so a wuce sati biyu zuwa hudu ana shansa don jiki na sabawa. Dayan da ta koma biyu da karkarwar nan alama ce naki ya riga ya saba. Yanke shi lokaci guda na iya kawo fargabar da tafi ta farko, wani har jijjiga irin ta farfadiya. Kije wajen likita da takardar a hannu, ki fadi gaskiyar nawa kike sha da tun yaushe, zai rage miki kadan kadan cikin makonni. Kafin nan kada ki hada shi da barasa ko tiramol ko kodin, haduwar tasu na iya tsayar da numfashi.

In likita yaga kina bukatar magani na dogon zango, akwai wani rukuni daban irin su Zoloft da Prozac masu aiki akan sinadarin serotonin. Basa sa maye, amma sai anyi hakuri dasu, sukan dauki sati hudu zuwa shida kafin aga amfaninsu, satin farko ma wani sai yaji kamar abin karuwa yayi, anan mutane da yawa ke jefar dasu suce basa aiki. Su ma in za'a daina a hankali ake saukewa. Kawarki nasan da kyakkyawar niyya ta baki, ki duba ta ita ma.

TAMBAYA: Salam Anti. Matata ce tunda ta haihu wata biyar da suka wuce bata da sukuni, cikin dare sai ta tashi sau goma tana duba ko jaririn na numfashi, kullum tana tambayata "lafiyarsa kalau ko?" in nace eh bayan minti biyar ta sake tambaya. Na ce mata ta cire abin a ranta ta daina tunani amma kamar zuga ta nake. Na fara gajiya gaskiya.

AMSA: Kanina ka kyauta da ka tambaya maimakon ka share. Ai kuwa zuga ta kake ba tare da ka sani ba. A 1987 wani masani Daniel Wegner ya tara mutane yace kada kowa ya tuna farar dabbar nan ta kankara, beyar, na minti biyar, sai gashi ita ke ta fado musu, da aka sake musu mara kuma suka fi kowa tuna ta. Kwakwalwa in kace kada ta tuna abu dole ta dinga lekawa taga ko ta tuna. To "cire a ranki" kenan.

Amsa mata "eh lafiyarsa kalau" sau ashirin shima sanyin minti biyar ne, daga nan kishirwar ta dawo. Ku zauna da rana lokacin da hankalinta ke kwance ku yi yarjejeniya, zaka amsa sau daya da kyau, in ta sake sai ka rike hannunta kace nasan tsoron ne ya taso, ina nan, bari mu jira ya sauka. Ka karbi wani yanki na dare ta samu bacci awa hudu ko biyar a jere, mai jego da bata bacci ko da bata da komai sai ta zabura.

Fargaba bayan haihuwa abu ne sananne, sinadaran jiki na sauka da karfi bayan an haihu ga rashin bacci ga nauyin rai sabo a hannu, kuma sau da yawa tana tafe da ciwon bakin ciki. Ka raka ta asibiti a satin nan, ka shiga tare da ita don kila ita tace ba komai, a duba tayirod dinta don yakan rikice bayan haihuwa, ku fada musu tana shayarwa akwai magungunan da suka dace da mai shayarwa. In kuma ta fara cewa gara ta mutu, ko kun fi jin dadi ba ita, ko ta kwana biyu ba bacci tana fadin abubuwan da basu hadu ba, kada ka jira gari ya waye kuma kada ka barta ita kadai da jaririn, ku tafi a lokacin.